Gwargwadon Zubin Ɗorawa a Wasan Foka da Darasinsa ga Cinikin Kifi a Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata matsala ta lissafi da ta samo asali daga wasan kartar da ake kira foka, wato yawan abin da ya dace ɗan wasa ya zuba a zagaye na biyu bayan ya nuna ƙarfi a zagaye na farko, sannan ta auna sakamakon da yadda ake tayi da sallamawa tsakanin masunci da ɗan sari a Yauri da Ngaski da Shanga. Maƙalar ta nuna cewa gwargwadon zubi yana bin abin da ɓangarori biyu ke gani a fili fiye da abin da mai zubin ya ɓoye a hannunsa, kuma ta kafa hujja cewa lissafin da ke bayyana dabarar wasan shi ne ke tabbatar da cewa caca ba za ta zama sana'a ga jama'a ba, alhali ciniki yana amfanar mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Caca haramun ce a Musulunci, kamar yadda ya zo a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000. Saboda haka ya wajaba a bayyana dalilin kawo wasan foka gaban taron masana. Dalilin shi ne, wannan wasa ya daɗe da zama ɗakin gwaji ga masu nazarin yanke shawara a halin rashin cikakken sani. John von Neumann da Oskar Morgenstern, a littafinsu na 1944 wanda ya aza harsashin ilimin dabarun fafatawa, sun keɓe dogon sashe ga wani sauƙaƙƙen nau'in foka domin su nuna cewa burga, wato nuna ƙarfin da ba a da shi, abu ne da lissafi ke wajabtawa a wani gwargwado. Harold Kuhn ya biyo baya a 1950 da nau'in da ake yi da kati uku kacal. A 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar da manhajar Cepheus wadda ta warware nau'in wasan mai ƙayyadadden zubi na mutum biyu, sannan a Janairun 2017 manhajar Libratus ta Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta doke ƙwararru huɗu a cikin rabo 120,000. Abin da waɗannan masana ke nema shi ne ƙa'idar da mutum zai bi idan abokin hamayyarsa ya san wani abu da shi bai sani ba, kuma wannan hali ne da kowane mai ciniki ke shiga kullum.

2.0 Tsarin wasan da ma'anar kalmomi

A nau'in da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira Texas Hold'em, ana amfani da kati 52 da suka kasu dangi huɗu, kowane dangi kati 13, daga 2 zuwa 10, sannan J da Q da K da A wanda ya fi kowanne daraja. Ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, a yi zagayen zubi na farko, sannan a shimfiɗa kati uku a buɗe a tsakiya waɗanda kowa ke haɗawa da nasa. Wannan mataki shi ne masu wasan ke kira fulof, kuma a wannan maƙala za a kira shi shimfiɗar farko. Bayan shi ana ƙara kati na huɗu da na biyar, kowanne da nasa zagayen zubi. Kuɗin da aka riga aka zuba a tsakiya shi ne tari, kuma duk wanda aka yi wa zubi yana da zaɓi uku: ya janye ya haƙura da tarin, ko ya amsa ta hanyar biyan daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai.

Zubin ɗorawa shi ne zubin da wanda ya yi ƙari na ƙarshe a zagayen farko yake sake yi da zarar an shimfiɗa kati ukun, ko katinsa ya dace da su ko bai dace ba. Littafin Dan Harrington da Bill Robertie na 2004 yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara, inda aka fi karkata ga zuba kimanin rabin tari. Tushen dabarar ƙididdiga ce mai sauƙi: wanda ke riƙe da kati biyu mabambanta yana da kati 6 da za su yi masa tagwaye a cikin 50 da bai gani ba, kuma daga cikin hanyoyi 19,600 da kati uku za su iya fitowa, 13,244 ba su ƙunshi ko ɗaya daga cikin shidan ba. Ma'ana, kimanin kashi 68 cikin 100 na lokuta shimfiɗar ba ta ba shi tagwaye, don haka wanda ya fara zubawa yakan tarar da abokin karawarsa ba shi da abin dogaro.

3.0 Lissafin gwargwado

Tambayar farko ita ce sau nawa ake buƙatar abokin karawa ya janye kafin burga ta mayar da kuɗinta, kuma amsar ita ce a raba zubi da jimillar zubi da tari. Idan tari 600 ne aka zuba 200, wato sulusinsa, to 200 bisa 800 ke nan, kashi 25 cikin 100. Idan aka zuba rabi, wato 300, ana buƙatar kashi 33. Idan aka zuba 400, kashi 40. Idan kuwa aka zuba 600 daidai da tarin, sai abokin karawa ya janye a rabin lokuta kafin a fita ba ci ba asara. Ƙaramin zubi ke nan yana da arha ga mai burga, domin ko sau ɗaya cikin huɗu aka janye masa bai faɗi ba.

Tambaya ta biyu tana ɓangaren wanda aka yi wa zubin, domin kowane zubi farashi ne da aka sa masa na ganin kati na gaba. Wanda zai biya 200 don neman jimillar 1,000 yana buƙatar damar nasara ta kashi 20 cikin 100, wanda zai biya 400 don neman 1,400 yana buƙatar kimanin kashi 29, shi kuwa mai biyan 600 don neman 1,800 yana buƙatar kashi 33. Idan aka ɗauki ɗan wasan da ke da kati huɗu na dangi ɗaya yana jiran na biyar, kati 9 ne za su cika masa buri a cikin 47, wato kusan kashi 19 a kati na gaba da kimanin kashi 35 idan ya ga biyun da suka rage. Zubin sulusi kusan daidai yake da damarsa ta kati na gaba, amma zubin kashi biyu cikin uku na tari yana sa shi biya da tsada.

Tambaya ta uku ita ce yadda tari ke bunƙasa. Duk zubin da aka amsa yana ƙara wa tari ninki biyu na zubin, saboda haka tarin 600 da aka yi wa zubin sulusi sau uku a jere yana kaiwa kimanin 2,778, wanda aka yi wa kashi biyu cikin uku yana kaiwa kimanin 7,622, wanda kuma aka yi wa cikakken zubi yana kaiwa 16,200. Bambancin 200 da 600 a shimfiɗar farko, wanda ido ke rainawa, shi ke haifar da bambancin kusan ninki shida a ƙarshen wasa idan aka maimaita gwargwadon a kowane zagaye, kuma wannan ne ya sa shawarar gwargwado a wannan mataki take da nauyi.

4.0 Abin da ke fili shi ke yanke hukunci

Kuskuren mai koyo shi ne ya zuba da yawa idan katinsa ya yi kyau, ya zuba kaɗan idan bai yi ba, wanda ke sa duk mai lura ya karanta hannunsa daga adadin kuɗinsa. Manhajojin warware wasa, irin su PioSolver da ta fito a 2015, sun nuna cewa gwargwado ya fi dogara ga kewayon zato, wato jerin dukkan katunan da kowane ɓangare zai iya riƙewa idan aka duba yadda ya yi wasa a zagayen farko, da kuma yadda shimfiɗar ta dace da kowane jeri. Akwai haɗin kati biyu 1,326 da shimfiɗar farko iri 22,100, waɗanda ke komawa 1,755 idan aka haɗe masu kama da juna, amma ana iya fahimtar ƙa'idar da misalai uku.

Misali na farko shi ne shimfiɗar K da 7 da 2, kowanne daga danginsa daban. Wanda ya yi ƙari tun farko shi ne ya fi yiwuwar riƙe A biyu ko K biyu ko A da K, domin da abokin karawarsa yana da su da ya ƙara maimakon ya amsa kawai. Kuma katunan sun yi nesa da juna, ba wanda ke jiran cika kati biyar masu bin juna ko kati biyar na dangi ɗaya. A nan rinjaye ya bazu a kan dukkan kewayon, kati na gaba ba zai cika sauya al'amari ba, don haka ƙaramin zubi, sulusi ko ƙasa da haka, da kusan kowane kati shi ne ya fi riba. Misali na biyu shi ne shimfiɗar 7 da 6 da 5, biyu daga dangi ɗaya. Ƙananan katuna masu bin juna sun fi yawa a hannun wanda ya amsa, kuma kusan rabin katunan da suka rage za su iya juya wasan, saboda haka wanda ya nuna ƙarfi da farko ya kamata ya yawaita ƙyalewa ba tare da zubi ba, idan kuma zai zuba, ya zuba da nauyi domin mai jira ya biya. Misali na uku shi ne shimfiɗar A da K da 6, inda mafi ƙarfin katuna suka taru a ɓangaren mai ƙari, wanda ke ba shi damar yin babban zubi da ƙaƙƙarfan katinsa tare da wasu zaɓaɓɓun burga da abokin karawa ba zai iya rarrabewa ba.

Yawan abokan karawa ma yana sauya lissafi. Idan kowannensu yana janyewa a kashi 60 cikin 100 na lokuta, yiwuwar mutum biyu su janye tare kashi 36 ce, ta mutum uku kuwa ba ta kai kashi 22 ba, wadda ta gaza ko da kashi 25 ɗin da zubin sulusi ke buƙata. Ƙa'idar da ta fito ita ce: idan hali ya tsaya kuma rinjaye ya bayyana, ƙaramin mataki ya wadatar, idan hali mai saurin sauyawa ne, sai babban mataki ko haƙuri, idan masu hamayya suka yawaita, burga ta rasa kasuwa.

5.0 Tayi da sallamawa a gaɓar tafki

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kuma tafkin da ta haifar, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, ya miƙe daga madatsar har zuwa Yelwan Yauri, ya kuma tilasta sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa waɗanda suka bar tsibiransu. Tun daga lokacin kamun kifi da cinikinsa suka ƙara zama ginshiƙin arzikin Masarautar Yauri, daga Wara a Ngaski zuwa Yelwa da garuruwan Shanga da ke bakin Neja, inda Sarkawa da Gungawa da sauran masunta ke kawo karfasa da tarwaɗa da kurungu da giwan ruwa da ƙananan kifin nan warangi. Tafkin yana samun cikowar ruwa sau biyu a shekara, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga saman Neja a lokacin sanyi, kuma yawan kamu da farashi suna hawa da sauka tare da ruwan.

Wanda ya tsaya a mashaya da safe zai ga tsarin da aka bayyana a sama. Kwalekwale ya tsaya, an juye kifi a daro, ɗan sari ya tsuguna ya ɗaga mafi girma ya buɗe kunnensa ya duba jansa, ya danna jikinsa da yatsa, sannan ya tura hannu ƙasan daron domin ya ga ko na ƙasa ya kai na sama. Da wannan ya riga ya nuna sha'awa, ya yi tayin farko, masunci ya ce albarka. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗora, kuma tambayarsa ita ce ta mai zubin ɗorawa: nawa zai ƙara? Kowannensu yana da abin da ya ɓoye, domin masunci bai san farashin da ɗan sari zai samu a Kontagora ko Zariya ba, shi kuma ɗan sari bai san ko masunci yana da bashin taru ko na man inji da ke matsa masa ba. Amma akwai abin da ke fili ga kowa: yawan jiragen da suka shigo, yawan masu saye, tsayin rana, da ko kifin ɗanye ne ko banda.

A ranar da kamu ya yi yawa, masu saye suka yi ƙaranci, rana ta ɗaga kuma babu ƙanƙara, hali ya tsaya kuma rinjaye yana wajen mai saye, don haka ƙari kaɗan kaɗan yake yi, kuma haka yake yi wa kowane daro ko yana matuƙar so ko ba ya so, domin da zarar ya yi babban ƙari a kan wanda ya fi so ya tona kansa. A ranar da kamu ya yi ƙaranci kuma ana sa ran isowar motocin fatake, kowane minti na iya kawo sabon mai tayi, saboda haka ko dai ya yi ƙari mai tsoka a sallama masa kafin wani ya zo, ko ya haƙura; ƙaramin ƙari a irin wannan rana ba ya saye kuma ba ya hana jira. Kifin banda kuwa yana juya rinjayen, domin mai shi na iya ɗaure kwalinsa ya jira kasuwa ta gaba.

Juya baya da ɗan sari ke yi, yana tafiya a hankali yana sauraren a kira shi, shi ne burgar kasuwa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce da ta sashe na uku. A ƙaddara daron da zai sayar a kan naira 60,000, masunci ya tsaya a 50,000, shi kuma ya tsaya a 45,000. Idan aka kira shi ya ci ƙarin 5,000, idan ba a kira shi ba ya rasa ribar 10,000 da ke hannu. Raba 10,000 da 15,000 yana ba da kashi 67 cikin 100, wato sai in ana kiransa sau biyu cikin uku juya bayan zai biya. Masuncin da ya san wannan lissafi zai gane cewa ba kowane juya baya ne na gaske ba, kuma idan masu saye uku suna tsaye, ba shi da dalilin kiran kowa.

6.0 Inda kamannin ya ƙare

Kamannin tsarin bai sa hukuncin ya zama ɗaya ba, kuma lissafi da kansa yana nuna dalili. A teburin foka abin da wani ya ci shi ne daidai abin da wani ya rasa, sannan mai gidan caca yana yankar rabonsa daga kowane tari, don haka jimillar abin da 'yan wasa ke tashi da shi kullum ƙasa take da abin da suka zo da shi. Haka abin yake a cacar ƙwallo ta wayar hannu da ta shiga garuruwan Arewa: idan wasa mai sakamako biyu daidai wa daida aka sa masa ninkin 1.90 a kowane ɓangare, mai zuba naira 100 yana rasa naira 5 a matsakaici, idan kuma ya jera irin waɗannan wasanni goma a tikiti ɗaya, abin da ke dawo masa a matsakaici bai kai naira 60 ba. A cinikin da aka kwatanta a sama kuwa, kifi ya tashi daga hannun wanda ba zai iya ajiye shi ba zuwa hannun wanda zai kai shi inda ake nemansa, kowa ya samu, jayayyar kawai a kan rabon ribar take.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan yankin ya daɗe da shata wannan iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana cinikin garari, wato wanda ba a san abin da ake saye ba, ta kuma ambaci sayar da kifin da ke cikin koguna da tafkuna a cikin abin da bai halatta ba, alhali ta halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi tun farko a kan kaya sananne ta fuskar siffa da ma'auni da wa'adi. Hadisai sun hana najashi, wato ƙara tayi ba da niyyar saye ba domin a ruɗi wani, da yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, da tare masu kawo kaya a hanya kafin su san farashin kasuwa. Waɗannan hukunce-hukunce duka suna rage ribar da ake samu daga jahilcin abokin ciniki, wadda ita ce kaɗai ribar da ke cikin foka. Wannan yana da muhimmanci ga tsarin da ubangida ke ba masunci taru ko inji bashi a kan sharaɗin ya riƙa sayar masa da kamu, domin idan ba a fayyace farashi da ma'auni ba, masunci ya shiga ciniki da rinjayen da ba zai taɓa juyowa gare shi ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gwargwadon zubin ɗorawa yana fitowa ne daga abubuwa uku da ake iya ƙirgawa, wato kasadar da aka ɗauka idan aka gwada ta da abin da ake nema, farashin da aka sa wa mai jira, da saurin sauyawar hali, kuma waɗannan ukun su ne ke tafiyar da tayi a bakin ruwa. Daga nan shawarwari uku suka fito. Malaman lissafi a makarantun sakandaren Yauri da Ngaski da Shanga za su iya koyar da ilimin yiwuwa da misalin daro da tayi da tikitin cacar ƙwallo, ta yadda ɗalibi zai ƙirga asarar caca da hannunsa kafin a yi masa tallarta. Ƙungiyoyin masunta, tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, za su iya yaɗa farashin manyan kasuwanni ta waya kowace safiya, domin duk abin da ya fito fili ya daina zama makamin burga. Sannan samar da ƙanƙara da ingantattun wuraren banda a mashayu zai ba masunci ikon jira, kuma wanda ke iya jira shi ne ke iya cewa albarka har sai tayi ya kai ƙimar wahalarsa.